Ƙarar da Dabbobi Suka Kai Ɗan Adam: Nazari a Kan Wata Risala ta Ikhwanus Safa

Godiya ta tabbata ga Allah da yake ciyar da tururuwa a raminta, yake ciyar da giwa a dajinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan'uwa masu karatu, musamman ɗalibanmu na ajin Larabci, a wannan fitowa za mu duba wani rubutu da ya haura shekara dubu a duniya, amma har yau ana buga shi, ana fassara shi, kuma duk mai waya zai same shi a intanet. Shi ne risala ta 22 daga cikin risaloli 52 na Ikhwanus Safa, wadda a cikinta dabbobi suka kai ƙarar ɗan Adam gaban sarkin aljannu. Wasu mutane ne suka rubuta ta a Basra ta ƙasar Iraƙi a ƙarni na 4 na Hijira, suka ɓoye sunayensu. An fassara ta da Ibrananci tun shekarar 1316, da Urdu a 1810, sannan da harsunan Turai. Yau in ana maganar Musulunci da haƙƙin dabbobi a jami'o'i, sau da yawa ita ake ɗagowa, kamar dai ita ce bakin Musulunci a wannan babi.

To, kafin komai sai mun yi gargaɗi. Ikhwanus Safa 'yan falsafa ne masu karkata ga baɗiniyyanci, aƙidarsu ba tamu ba ce. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta Hijira, ya ja kunne a kansu cikin Al-Munƙizu minad Dalal, saboda yadda suke cakuɗa ayoyi da hadisai da maganganun sufaye da falsafarsu, har mai ƙaramin sani ya haɗiye duka yana zaton zuma ce tsantsa. Saboda haka ba aƙida muka je nema ba. Mun je ne mu auna hujja, mu ga inda ta yi nauyi da inda ta yi sakayau. Kuma hukuncina a taƙaice shi ne: risalar ta iya shigar da ƙara, amma ba ta iya yanke shari'a ba.

Labarin a gajarce

Guguwa ta jefa wani jirgin ruwa gaɓar wani tsibiri da ke ƙarƙashin sarkin aljannu mai suna Biwarasb, musulmi mai adalci. Mutanen jirgin, 'yan kasuwa da masu sana'a da malamai daga ƙasashe daban-daban, suka tarar da dabbobi suna zaune lafiya ba mai tsoron wani. Nan da nan suka shiga kama su, suna ɗaura musu kaya, suna cewa bayinsu ne da suka gudu. Dabbobi suka kai kuka fada. Sarki ya tara alƙalai da malaman aljannu, aka buɗe shari'a. Alfadari ya tsaya wa dabbobin gida. Dila ya zo a madadin zaki da masu farauta, aku a madadin tsuntsaye masu farauta, kwaɗo a madadin na ruwa, gyare a madadin masu jan ciki, sarkin ƙudan zuma kuwa ya zo da kansa. Mutane suna kawo dalilin fifikonsu ɗaya bayan ɗaya, dabbobi suna rushewa.

Larabcin risalar mai sauƙi ne, mai daɗi a kunne. Ɗalibin da ya ƙware a Ajurumiya ya taɓa Alfiyya zai bi ta ba wahala. Aibinta ta fuskar salo shi ne yawan huɗuba: kowane mai magana sai ya buɗe da doguwar hamdala mai cike da kalmomin falsafa, har kwaɗo da gyare. Mai karatu yakan gaji.

Inda ta yi daidai

Wuri na farko shi ne amsar alfadari. Mai magana da yawun mutane ya jero ayoyin da suka ambaci cewa an halicci dabbobin ni'ima domin amfaninmu, an hore mana su. Alfadari ya ce waɗannan ayoyi tunatar da ni'ima suke yi, ba takardar mallakar bayi ba ce. Ai rana da wata da gizagizai da iska ma an hore muku su, shin su ma bayinku ne? Wallahi wannan amsa ce ta mai fahimta. Horewa daban, sakin linzami daban. Da mutane suka ce ai da kuɗinmu muke sayensu, sai aka tuna musu cewa Farisa da Rum ma suna sayar da junansu in wani ya ci wani da yaƙi, wannan kuwa juyin zamani ne, ba hujja ba.

Kun ga wannan hujja ta "da kuɗina na saya" ba ta mutu ba. Ita ce hujjar masu cinikin fatar jaki a zamaninmu. Ana kai fatun ƙasar Sin ana dafa su a fitar da wani magani da suke kira ejiao. Buƙatar ta yi yawa har farashin jaki ya tashi sama da ƙarfin talakan da yake ɗebo ruwa da shi, yake kai taki gona da shi. Gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna waje a shekarar 2016, kuma a watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince da hana yanka jakuna domin fata a nahiyar baki ɗaya. Kowane dillali zai iya rantsewa cewa cinikinsa ya cika sharuɗɗa, ya biya, an sallama masa. Amma in aka tara halas ɗin kowa ya zama ƙarewar jakin gari, sai mai iko ya shigo, domin maslahar jama'a tana gaba da ribar mutum ɗaya.

Wuri na biyu ya fi ba ni sha'awa. An tambayi hikimar halittar macizai da tsutsotsi da ƙudaje, abubuwan da mutum yake ƙyama. Risalar ta amsa da cewa waɗannan ƙananan halittu suna shanye ruɓa da ɗoyin da in an bar shi zai gurɓata iska ya jawo annoba, sannan manya suna cin ƙanana, kowa da aikinsa. Sun yi kuskure a wani ɓangare, domin sun ɗauka ruɓar ce da kanta take rikiɗa ta zama tsutsa, alhali yau ɗan firamare ya san ƙwan ƙuda ne yake ƙyanƙyashewa. Amma asalin tunanin sahihi ne: halittar da ka raina tana yi maka aikin da ba ka biya ba, ba ka ma san ana yi ba.

Mu gwada wannan da ungulu. Duk wanda ya kai shekara arba'in ya san yadda ungulaye suke cika mahauta da rufin kasuwa a garuruwanmu. Yau ina suke? Ungulun nan tamu ta gari, tun shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sa ta a sahun waɗanda suka fi kusa da ɓacewa. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, saboda haka in aka kashe da yawa ba ta mayar da gurbi da sauri. A Gini Bisau, a shekarar 2020, ungulaye sama da 2,000 suka mutu da guba, an tarar da wasu an yanke musu kai. Kan ungulu da ƙafarta da ƙwanta kaya ne a kasuwar bokaye a Afirka ta Yamma, har da kasuwanninmu. A da ana cewa ungulu da kan zabo in ana nufin yaudara. Yanzu kan ungulun ne da kansa ya zama kayan yaudara. Mai saye ya haɗa laifi biyu: ya je wa boka, ya kuma sa an kashe rai ba da haƙƙi ba.

Me ake asara? Ku dubi Indiya. Daga shekarun 1990 ungulayen ƙasar suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. A 2004 aka gano dalili: wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, diclofenac, in ungulu ta ci mushen saniyar da aka yi wa shi sai ƙodarta ta lalace. An hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, amma aikin gama ya gama. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili da bakin ruwa, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wasu masana tattalin arziki biyu, a wani bincike da aka buga a 2024, sun ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ƙiyasi ne, amma ko rabinsa ne ya ishi mai hankali wa'azi. Ungulu ba ta jewar banza, ashe jewar tata ma aiki take yi mana.

Inda ta kauce

Kuskure na farko na aƙida ne. Da mutane suka yi alfahari da annabawa da littattafai da ibadu, sai aka sa wani wakilin dabbobi ya ce ai likita wurin marar lafiya yake zuwa, ku ne masu cuta shi ya sa aka aiko muku, wanka da azumi da sadaka duk wankin dattinku ne, mu kuwa ba mu buƙata. Maganar tana da kaifi, tana kuma iya burge yaro. Amma tana rage darajar wahayi, ta mai da shi tukuicin laifi. Mu a wurinmu aiko manzanni girmamawa ce da rahama, kuma ɗaukar nauyin shari'a shi ne amanar da sammai da ƙasa da duwatsu suka ji tsoron ɗauka, kamar yadda ƙarshen Suratul Ahzab ya nuna. Nan ne gargaɗin Gazali yake aiki. Ɗalibi ya buɗe ido.

Kuskure na biyu shi ne babba, kuma a kansa na gina wannan nazari. Yaya shari'ar ta ƙare? Bayan duk hujjojin mutane sun zube, sai wani mutumin Hijaz ya tashi ya ce mu ne aka yi wa alkawarin tashi bayan mutuwa da Aljanna. Dabbobi suka ce to ku ambaci wuta mana, ai ita ma ku aka yi wa. Ya ce muna da ceton Annabi, kuma a cikinmu akwai annabawa da waliyyai da salihai. Nan dabbobi suka sallama, shari'a ta faɗa wa ɗan Adam.

Jama'a, ku tsaya ku duba. Jaki ya zo ya ba da labarin kayan da ake labta masa da sandar da ake zuba masa. Rago ya faɗi yadda ake raba 'ya'yansa da iyayensu mata don a tatse nono. Raƙumi da sa da giwa kowa ya nuna tabonsa. An saurare su har aljannu suka tausaya. Sannan aka tashi daga zama ba tare da an jera wa mai jaki abin da ya wajaba a kansa gobe da safe ba. Wane alƙali ne za a kawo masa ƙarar duka, ya yanke hukunci a kan wanda ya fi asali? Kuma mutanen da suka ci shari'ar da darajar waliyyai suka ci, alhali wanda ake ƙara ba waliyyi ba ne, mai sanda ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Tun farko an ɗora shari'ar a kan tambayar wa ya fi wani, ita kuwa wannan tambaya Alƙur'ani ya riga ya amsa ta a Suratul Isra'i, inda aka ambaci girmama 'yan Adam. Abin da ya rage a tambaya shi ne: wanda aka fifita, me ke kansa?

A nan littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaure sun fi wannan risala nisa, ko da ba su kai ta daɗin labari ba. Mukhtasar na Shehu Khalil ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa in babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita. Risalar Ibnu Abi Zaid ta karhanta farauta don wasa, ta karhanta kashe kwaɗi, ta karhanta kashe ƙwarƙwata da ƙuma da wuta, ta kuma ce tururuwa in ta cutar babu laifi a kashe ta amma barinta ya fi. Izzuddin ɗan Abdus Salam, wanda ya rasu a 660 ta Hijira, a cikin Ƙawa'idul Ahkam ya lissafa haƙƙoƙin dabba a kan mai ita: ciyarwa ko ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a ƙara moranta, rashin ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, rashin haɗa ta da wadda za ta soke ta, kyautata yanka, rashin yanka ɗa a gaban uwarsa. Wannan shi ne hukuncin da jaki ya je nema fadar Biwarasb bai samu ba. Kuma Sahihu Muslim ya kawo cewa ranar alƙiyama za a rama wa tunkiya marar ƙaho abin da mai ƙaho ta yi mata. In tsakanin tumaki akwai ramuwa, ina ga tsakaninka da jakinka?

Har batun jinsi gaba ɗaya, ba dabba ɗaya ba, nassi bai bar shi ba. Aya ta 38 a Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummu irinmu. Bukhari da Muslim sun kawo labarin wani annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa faɗa a kan halaka al'umma mai tasbihi. Wanda ya zuba guba a mushe don ya kashe kura ɗaya ko kare ɗaya, ya wayi gari da ungulaye a zube, ya duba kansa a wannan madubi.

Abin da risalar ba ta hango ba

Kuskure na uku shi ne ta mai da dabba abin zalunta kullum, mutum azzalumi kullum. Tsibirinta wuri ne mai yalwar ruwa da 'ya'yan itatuwa, ba fari, ba yunwa. Mu ba a tsibirin nan muke ba. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu.

Ga misali a gida. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma, waɗanda a da suke yawo daga Senegal har Tafkin Cadi, sun ƙare ko'ina sai nan Nijar, a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai kan hanyar Doso. A 1996 saura 49 kacal. Da aka tsaya a kan kare su, suka haura 600, har a 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Wannan abin godiya ne ga Allah, abin yabo ne ga ma'aikatan gandun daji da mutanen ƙauyukan. Amma waɗannan raƙuma ba a cikin shinge suke ba, a tsakiyar gonakin mutane suke. Dajin da suke ci ya ragu saboda saran itacen girki da faɗaɗa gonaki, su kuma suna shiga su ci wake, su ci mangwaro a lambu. Manomin da aka cinye wa wake, doka ta hana shi taɓa su. Shi wa zai kai wa ƙara? Ikhwanus Safa ba su ba shi kujera a fadarsu ba.

Sunna ta ba shi. Keɓe wuri don kariya yana da asali: an haramta farauta da saran itace a haramin Makka da Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i don dawakan musulmi, Sayyidina Umar ma ya keɓe makiyaya don dabbobin baitulmali. Amma ku duba wasiyyar da Umar ya yi wa Hunayyu, wanda ya ɗora a kan makiyayar, tana cikin Muwaɗɗa da Bukhari. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya hana garken Ibnu Aufin da na Ibnu Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa da 'ya'yansa zai zo ƙofar Umar. Kun ga tsarin: kariya tana nan, amma nauyinta ba a kan marar ƙarfi ake ɗora shi ba.

Akwai kuma hukuncin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, shi ma a Muwaɗɗa: tsaron gona da rana yana kan mai gona, ɓarnar dare kuwa mai dabba ne zai biya. Raƙumin dawa ba shi da mai shi, gaskiya ne. Amma a ganina, kuma ina miƙa wannan ga malamanmu su duba, wanda ya ɗaure hannun manomi da doka, ya kuma karɓi kuɗin masu zuwa kallo a baya, shi ya fi kusa da matsayin mai dabba. Akwai ƙungiyoyin da suka haƙa rijiyoyi suka ba da ƙananan basussuka a ƙauyukan yankin, Allah ya saka musu. Sai dai taimako daban, haƙƙi daban. Taimako ana iya janye shi, haƙƙi kuwa bin sa ake yi.

Shawara ga ɗalibai

Wanda bai ƙoshi da tauhidi ba ya bar wannan risala tukuna, babu abin da zai rasa na addininsa. Wanda ya yi nisa ya karanta ta gaban malami, don Larabci da koyon yadda ake jera hujja, yana sane da ramukan da muka nuna. In wani ya ce muku ita ce matsayar Musulunci a kan dabbobi, ku buɗe masa babin ciyarwa a Mukhtasar da wasiyyar Umar ga Hunayyu.

Sannan mu waiwayi unguwa. Mai amalanke ya duba gyambon da ke bayan jakinsa kafin ya ɗora buhu na gaba. Mahauci ya wasa wuƙarsa nesa da idon dabba. Makiyayi ya daina zuba guba a mushe. Iyaye su karɓe danƙon da yaro yake harbin tsuntsu da shi don wasa. Wanda aka ce ya kawo kan ungulu a yi masa aiki ya san an kira shi ne zuwa ga saɓon Allah. Fifikon da aka ba mu ba a musunsa, amma Hausawa sun ce girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Allah ya tsare mu da irin wannan girma.

Allah ne mafi sani. Ya Allah ka sanya tausayi a zukatanmu ga duk mai rai, ka shayar da bayinka da dabbobinka, ka yafe mana abin da muka zalunta muna sane da wanda ba mu sani ba. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.